Sadisu ya tona mini asiri, ƙafata ta tsira

Assalamu alaikum. Waɗanda suka san ni a nan sun san ba na dogon rubutu. Amma jiya ɗana ya nuna mini bidiyon Turawa suna wasan hoki a kan ƙanƙara, ya ce, "Baba, irin wannan ne ya sa kake ɗingishi?" Shekara talatin da wani abu ina kauce wa wannan magana. Yau dai zan faɗe ta.

A farkon shekarun casa'in ni ne ɗan gaban ƙungiyar hoki ta samarin cikin birnin Zariya. Namu ba na ƙanƙara ba ne, na fili ne, da sanda mai lanƙwasa da ƙwallo mai taurin dutse. Ba mu da abin kare ƙafa. Kwali muke yankawa mu cusa a safa, mu ce bismillah.

Akwai wani matashi ɗan Ƙofar Kuyambana, Sadisu, da na girme shi da shekara huɗu. Ni na koya masa riƙon sanda. Siriri ne, har muna tsokanarsa wai iska za ta ɗauke shi, amma wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. In ƙwallo ta zo masa, kamar da ƙaro ya manna ta. Kuma ba ya kallon ƙasa in yana gudu. Abin da na shekara uku ina koyo, shi a damina ɗaya ya iya.

Saura wata guda a zaɓi 'yan wasan jiha, ƙwallo ta doke ni a ƙauri wajen atisaye. Ranar ban sa kwali ba. 'Yar tsaga ce kawai.

A wurinmu, wanda ya ce yana ciwo ya ba da gurbinsa ke nan. Saboda haka na yi gum. Na gasa da ruwan zafi, na shafa man zafi, na ja safa na rufe.

Sati biyu, ƙafa ta kumbura. Sai zazzaɓi. Sai mugunya. Innata ta tambaye ni warin me take ji a ɗakina, na ce takalmin wasa ne.

Sadisu ne ya gan ni ina sauya tsumma a bayan ganuwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya Bala, wannan ya wuce gashi. Ko ka gaya wa Koci, ko ni in gaya masa."

Na ce, "Kai, yaro, gurbina kake so ko?"

Ya juya ya tafi. Washegari mai horar da mu ya zo har zaurenmu a Ƙofar Jatau da babur ɗinsa, ya ce in ɗaga wando. Ko gaisawa ba mu ƙarasa ba ya ce in hau.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ɗebi jini. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Malam Bala, ciwon ya shiga ƙashi. Za mu buɗe mu kankare. In bai yi ba, sai dai mu yanke." Ya ƙara da cewa da na ƙara sati guda a gida, da ba ma sai an yi shawara ba.

Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Sau biyu aka shiga da ni tiyata. Wata uku ina kwance. Kullum da safe nas ta turo keken wankin ciwo, da na ji ƙarar tayarsa sai in fara salati. Allura safe da yamma, har aka rasa inda za a soka. Inna na gefe da carbi, tana cewa, "Ka ci abinci, ƙashi ba ya warkewa da fushi."

Fushin kuwa da Sadisu nake yi. An zaɓe shi a gurbina. Duk Juma'a sai ya zo duba ni, ni kuma in juya fuska bango. Ya zauna, ya gaida Inna, ya ba bangon labarin wasa, ya tafi.

Bayan na fara takawa da sandar guragu, Koci ya kai ni kallon wasansu a Kaduna. Na je ne da niyyar neman kuskurensa. Ban samu ba. Ya yanke mutum uku, ya juya sanda ta baya kamar yadda na koya masa, sai dai ya fi ni tsafta, ƙwallo ta shige raga. Ban san sanda na ɗaga sandata sama ina ihu ba, har na kusa faɗuwa.

A hanyar dawowa Koci ya ce mini, "Ka san ranar da ya kawo ƙararka kuka yake yi? Cewa ya yi in cire shi daga zaɓen, don kar ka ce saboda gurbi ne. Ni na ƙi."

Daga baya wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Legas, hoki ya zama sana'arsa. Ni ban sake wasa ba. Mun ci gaba da gaisawa, amma girman kai ya hana ni furta kalma ɗaya ta godiya.

Shawarata ga matasa: raunin da ya kwana uku yana kumburi, ko ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Ruwan zafi ba ya kaiwa ga ƙashi. Ku sa abin kare ƙafa. In kuma abokinku na ɓoye ciwo, ku tona shi, ko da zai daina yi muku magana.

Na gode wa Allah. Allah Ya jiƙan Inna da Koci, Ya saka wa ma'aikatan asibitin nan da alheri.

Sadisu, na san kana karanta abin da nake sawa a nan. Ƙafar da nake zuwa masallaci da ita, bakinka ne ya bar mini ita. Na gode, ƙanena. Ka yafe mini Juma'o'in nan.