Gwiwata Ce Ta Zaɓi Giyar Baya

Mai gyaran keke a Sabon Garin Minna ya ajiye min abin canja giyar baya guda biyu, mai gajeren hannu da mai dogo. Nawa ya karye a hanyar Tagwai, inda nake gadin gona.

Na nuna gajeren, don ba ya kwasar ciyawa.

Ƙafafuna ya kalla. Ya ce, "Baba, wannan na samari ne. Dogon ne zai hau tudu da kai, bai wahalar maka da gwiwa ba. In ka ƙi, kai za ka riƙa turawa, keke yana hutawa."

Na ji haushi, amma dogon na saya.

Na baro Katsina ina saɓa buhu a kafaɗa, yau a Minna gwiwata ke zaɓa min ƙarfe. Ku fa, wace gaɓa ce ta fara yi muku mulki?