Makullin da Ya Ƙi Hannun Baba

Shekara goma sha ɗaya Auta ya yi yana rubuta manhajar makullan ƙofa masu maɓallan lamba. Kafin a zuba manhajar cikin na'ura, akwai wani fayil da yake zaɓar abin da zai shiga da wanda za a bari: fitila, ƙara, da irin dannin da maɓalli zai amsa. Da an rufe murfi magana ta ƙare, mai gida ba shi da inda zai taɓa ya canza.

Wata shekara wuri ya yi kaɗan a ƙwaƙwalwar na'urar. A cikin manhajar akwai layin da ke hana yatsa mai karkarwa ya zama danni biyu. Auta ya cire shi, ya gwada da nasa yatsun, lafiya lau. Har yabo ya sha a ofis.

Irin wannan makulli ya kafa wa mahaifinsa, tsohon mai gyaran agogo.

Ranar wani hutu ya tarar da tsohon a kan benci a ƙofar gida, rana ta take.

"Baba, lafiya?"

"Iska nake sha."

Yayar Auta, wadda ta riga shi isowa, ta ja shi gefe. "Wace iska? Lamba huɗu ce ta gagare shi. Ya ce kansa ya fara taɓuwa, daga yau ba zai ƙara fita ba. Kai kuma babban injiniya, sai ɗaukar jaka."

Auta ya lallaɓi tsohon ya sake dannawa, ya zuba ido. Lambobin daidai suke. A kan bakwai ne yatsan ya ɗan girgiza, jar fitila ta kama. Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Zai iya cewa batir ne, a wuce wurin.

"Baba, ba ka manta komai ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na cire abin da zai sa ya jure hannunka."

"Wato kaina ƙalau?"

"Ƙalau."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsansa. "Agogon da ba ya tafiya sai a hannun mai gyara, ai ba a gyara shi ba. Ƙofa nawa ka kafa wa wannan?"

Auta ya juya ya kalli makullin.

"To buɗe mana, ka ɗauko sukundireba a aljihun tebur. Da tawa za ka fara."