Makeron Kawu Mai Aski

Kawuna mai aski ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ke ji da tsabtar injinsa kamarsa ba. Yaro ya kuskura ya shigo shagonsa da makero a ka, sai ya rako shi har bakin titi da wa'azi.

Da ciwon daji ya kwantar da shi a asibiti, bai wani karaya ba. Har da ɗan alfahari yake gaya wa masu dubiya, "Cutar manya ce, sai an ɗauki hoto ake ganinta." Zaman banza ne kawai ya dame shi. Ya ga maganin da ake ɗura musu yana zubar da gashin 'yan ɗakin, ya bar tsilli-tsilli, sai ya sa na kawo masa injinsa. Ya dinga bi gado-gado yana kwashe sauran, kyauta, da surutu kamar a shago. Goge injin kuwa bai ga dalili ba, wai asibiti ai ko'ina tsabta ne. Gaskiya ɗakin ya yi rai.

Ba a jima ba mai gadon taga ya fara susa. Sai tsohon direban da ke kusa da ƙofa. Kan a ce me, kowa da zagayayyen tabo a ka. Kawu ya ƙwama hula har kunne a cikin wannan zafi, wai sanyi yake ji.

Nas ta zo ta tsaya a kansa. "Baba, cire hular."

"'Yata, ciwona a ciki yake. Ba ruwansa da kai."

"Cire dai."

Ya cire. Nasa ya fi na kowa faɗi.

Ta ce maganin dajin ya karya musu garkuwar jiki, abin da bai kai ya kawo ba ma yanzu kama su yake yi, ga inji ɗaya ya zaga duk kawunan ɗakin. Za a ba su magani, zai warke.

"Ki rubuta dajin ne ya fito waje," in ji Kawu. "Ba a taɓa kwasar komai a hannuna ba."

Ba ta rubuta ba. Ta naɗe injin a leda ta miƙo mini. Dariyar da nake dannewa ta koma ciki, tausayinsa ya kama ni.

Zan tafi ya riƙo mini riga.

"Ɗana, in an tambaye ka a unguwa, ka ce jiki ya tsananta. Ka ce ma na kusa tafiya. Amma don Allah kar ka ce makero."