Ranar da Bula Ta Riga Ni Magana

Ko na manta shekaruna, waɗanda dama ban taɓa riƙe su daidai ba, ba zan manta ranar da aka zuba bula a banɗakin gidana ba.

Wata damina ce kwatar layinmu a Tudun Wada ta toshe, ruwa ya kwanta ya yi kore, wari har cikin masallaci. Duba-gari suka zo suka ce za a yashe ta a gyara, amma kuɗin aikin daga aljihunmu zai fito. Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa. Wasu suka ce a raba daidai wa daida. Ni kuwa, da yake na yi boko har aji huɗu na firamare, kuma ba na son ilimin nan ya lalace a banza, sai na gyara murya. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba, kowa yana biyan kuɗin kwata ne gwargwadon ruwan da gidansa ke amfani da shi, domin abin da ya shiga shi zai fito. Tunda mu ba mu da mita, daga rijiya sai 'yan ga-ruwa, a duba bakin rariyar kowa. Wanda tasa ta fi zuba, shi zai fi biya. Aka yi ta jinjina mini, har wani ya ce ashe da injiniya a layin ba a sani ba.

Abin da ban faɗa ba shi ne, rariyata ta fi shekara goma ba ta ga ɗigon ruwa ba. Lokacin da na yi gyaran gida, magini ya ce gangaren ba ta ƙofata yake ba, sai na roƙi maƙwabcina ya bari a haɗa bututuna da nasa ta ƙarƙashin katanga. Ya yarda da baki kawai. Daga baya Allah ya yi masa rasuwa, ya bar matarsa, Inna mai koko, ita kaɗai da tukunyarta. Gidana kuwa mu goma sha ɗaya ne, kowa da wankansa da wankinsa.

Washegari aka zagaya. Rariyar Inna na zuba kamar famfo. Babban duba-garin, wani dogo marar fara'a, ya ce kaso mafi tsoka nata ne, in kuma ba za ta iya ba, ta daina wankin gero a gidan. Wato ta daina koko ke nan, da shi kuwa take ci. Aka zo tawa, a bushe ƙamas, har da yanar gizo. Na ce mu mutane ne masu tattali, ɗan ragowar kuma zogalen tsakar gidanmu ke shanyewa. Ina faɗa bakina na ɗaci.

Sai Inna ta yi magana daga cikin zaurenta, a hankali. "Ranka ya daɗe, kwanana uku a Gyallesu wajen suna, gidan a kulle, aka ce mini rariyar ba ta huta ba. Sai dai in aljanu ne ke mini wanka."

Ba wanda ya yi dariya. Dogon ya sa aka sayo bular wanki. Ya ce gidajen da ke manne da nata, a kaɗa a bokiti a zuba a banɗakin kowanne, a ga inda shuɗin zai ɓullo. Da yake namiji ba ya shiga gidan matan aure, maigida ne zai kai wa iyalinsa. Maƙwabcinta na hagu ya kai, shuɗin ya fito ta rariyarsa. Saura ni.

Mai ɗakina ta kaɗa, ta tsaya riƙe da bokitin. Ta san zancen bututun sarai.

"Malam, in zuba, ko in ba zogale?"

Ba mai ganinmu. In ta ba zogale, babu abin da zai fito ko'ina, maganata ta tabbata, Inna ta sauke tukunya. Ga ƙamshin gasararta yana tsallako katanga. 

"Zuba," na ce. Na fita da sauri don in faɗi gaskiya da bakina kafin ruwan ya isa.

To amma hali zanen dutse. Na fara da sallama, na gode wa mai unguwa, na shiga bayanin yadda gangare yake a ilimance. Ban kai ga "sai dai" ba na ga idanun jama'a sun bar fuskata sun koma ƙasa. Ga shuɗi nan yana malalowa daga rariyar Inna, bai gaisa da kowa ba.

 Inna ta ce, "Marigayi ya gaya mini tun ranar da aka haɗa, Malam. Jira nake in ji daga bakinka."

Da tara dogon ya ci ni ko sau goma ne, da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki kason da aka ɗora mata, na kira magini ya fasa tsakar gidana ya juya bututun. Kokonta bai tsaya ba ko na kwana ɗaya, amma na yi wata biyu ina zagaye ta bayan layi in zan je masallaci.

Abin da na koya, ni da aji huɗuna: gaskiyar da ke kanka kamar tuwo ce, da zafinta ake miƙa ta. In ka tsaya jan dogon bayani, wani ya riga ka faɗa, ta tashi daga gaskiyarka, ta koma asirinka da aka tona.