Saƙon Hannun Jarin da Ya Faɗa Hannun Malamina

Kafin in lalace, ni ma'aikaci ne a wani shagon kwamfuta a Hammadu Kafi. Ina buga wa mutane takardu, ina buɗe musu imel, ina cike musu fom na neman aiki. Abin da nake samu yana riƙe ni da mahaifiyata, kuma ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo.

Wata rana wani mutum mai ƙamshin turare, wanda muke kira Oga, ya ce in sayar masa da adiresoshin imel na masu zuwa shagonmu. Na ce a raina, adireshi ai ba kuɗin kowa ba ne. Na ba shi. Bayan sati biyu ya dawo ya ce Turancina yana da kyau, in rubuta masa talla: wai wani kamfanin takin zamani zai buɗe masana'anta kusa da Kwadon, ana sayar da hannun jarinsa da araha kafin ya tashi. Na tambaye shi ina kamfanin yake. Ya yi dariya ya ce, "Yana cikin kwamfutarka." Na gane sarai. Amma na rubuta, na tura zuwa adiresoshin nan. Daga baya har asusun banki na buɗe masa da sunana.

Yawancin mutane goge saƙon suke yi ba tare da sun karanta ba. Wasu su amsa da zagi. Wata mata ta rubuto "Allah ya isa" kawai. Oga ya ce kada in damu, ƙalilan ɗin da za su yarda sun ishe mu. Ni kuma na riƙa lallashin kaina cewa duk wanda ya faɗa, kwaɗayinsa ne ya ja masa.

Ran wata Talata da hantsi sai ga Malam Yohanna ya shigo shagon. Shi ya koyar da ni a firamare a Kagarawal, shi ya kama hannuna na fara rubuta sunana. Ya yi ritaya, an biya shi garatuti. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, 'yata ta ce in goge wannan, wai na 'yan damfara ne. Na ce sai na tambaye ka, kai ka san harkar. Gaskiya ne?"

Rubutuna ne. Na manta gaba ɗaya cewa ni na buɗe masa imel lokacin takardun fansho. Kalma ɗaya ce za ta cece shi, amma na ji tsoron ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce, "Baba Malam, kamar gaskiya ne."

Ya zuba garatutinsa duka. Bai tsaya nan ba, ya gaya wa tsofaffin abokan aikinsa cewa ɗalibinsa ya duba, ba matsala. Su ma suka zuba.

Wata guda bayan haka Oga ya kwashe komai, wayarsa ta daina shiga. Ni aka kama, tunda asusun nawa ne.

Abin da har yau yake girgiza ni ya faru ne a ofishin 'yan sanda. Malam ya zo da sandarsa, ba don ya yi ƙarata ba. Belina ya zo yi. Ina ji yana ce wa jami'in, "Kun yi kuskure. Yaron nan ni na rene shi. Shi ma cutarsa aka yi." Jami'in bai yi musu ba, ya juyo masa da kwamfutar shagonmu, ya nuna masa saƙon da shaidar cewa daga nan na tura shi. Malam ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni.

"Ranar da na zo, ka sani?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Bai zage ni ba. Ya nemi kujera ya zauna, ya ce a ba shi ruwa.

Shekara uku na yi a gidan yari. Ina ciki ya rasu. Da na fito na je Kagarawal neman gafara, 'yarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tun ranar bai ƙara ambaton sunana ba, da alheri ko da sharri. Na tuba ga Allah, yanzu ɗinki nake koyo, amma ban san ko ya yafe mini ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ƙannena, idan saƙon hannun jari mai araha ya shigo muku daga wanda ba ku sani ba, ku goge shi, ku gaya wa iyayenku su goge. Idan kuma aka ce ku tura, ku ƙi. Ba ku san hannun da zai faɗa ba. Kuma ranar da wani ya dube ku ya ce "Gaskiya ne?", ku faɗa masa, ko da ku za a kama.