Gonar Kawu a Hoton Tauraro

Na yi shekara ashirin da wani abu ina karanta hotunan ƙasa da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta in duba launin ƙasa da tsagar duwatsu, in ce nan akwai alamar ma'adini, can babu. Na zana taswirar wurare da yawa da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Wata shekara kamfanin da nake wa aiki ya ba ni hotunan yankin Bagudo, daga bakin kogin Kwara har iyakar Benin. Can aka haife ni, a wani ƙauye kusa da Kende. Da na tace hoton, sai ga wani jan layi yamma da ƙauyenmu, irin launin da kan nuna inda ake samun zinariya. Na gane rafin, na gane tudun. Gonar kawuna ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana.

Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Hoto kaɗai ba ya isa shaida, sai an je an ɗebo dutse an auna. Bayan girbi na tafi gida da guduma da ƙananan buhuna. Kawu ya bi ni gonar, ya tsaya yana kallona ina fasa farin dutse.

Ya ce, "Mi kaka biɗa ga duwatsun ga?"

Na ce, "Kawu, daga sama aka ɗauki hoton gonarku. Da alama akwai arziki a ƙarƙashinta."

Ya ce, "Ni dai gero na sani wurin ga. Kakanka ma gero ya sani."

Da aka auna duwatsun, aka sami zinariyar, amma kaɗan ce, ba ta kai a kawo injina dominta ba. Kamfani ya rufe maganar, ni ma na koma kan hotunan wata jiha. Abin da ban lissafa ba shi ne mutane sun gan ni da buhuna. Labari ya shiga kasuwa. Kafin damina masu haƙa sun iso a kan babura, wasu daga tsallaken iyaka. Kawu ya kai kuka wurin mai gari, aka kore su, bayan mako biyu suka dawo sun fi na farko yawa.

Babban ɗan kawu, wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi, ya ga baƙi na cin gonar ubansa, shi ma ya ɗauki diga ya shiga. A damina ta biyu rami ya rufta da shi. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Na je ta'aziyya. Kawu ya amsa gaisuwata yadda ya amsa ta kowa. Sai da mutane suka ragu ya dube ni ya ce, "Ramukan ga, ana ganin su daga sama?"

Na ce, "Ana gani, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba, har ya rasu bayan shekara uku.

Na nemi a mayar da ni sashen neman ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka ƙi, aka ce a ma'adini na ƙware. Haka na ci gaba har na yi ritaya. Masu haƙa sun daɗe da tashi, amma gonar ba ta nomuwa, don shanun huɗa ba sa iya ratsa ta. Matar marigayi ɗan kawu tana noma wani ɗan gefe kusa da rafi, biyu daga cikin 'ya'yanta kuma suna wurina suna karatu.