Shinkafar Inna a Bayan Gola

Ko na manta komai na ƙuruciyata a Lafiya, ban da ranar da samarin Doma suka zo buga ƙwallo da namu, Inna kuma ta yi shanyar shinkafa a bayan gola.

Lokacin na dawo hutu daga makarantar 'yan mata, kaina cike da iyayi. Filin ƙwallon kuwa filin elemantare ne kawai, an share ciyawa, an ja layi da toka, an kafa gora biyu da igiya a sama. Raga babu. Yayana ne mai tsaron gida, kuma gaskiya ɗaya ce, bai iya ba. Rariya ake ce masa a gari. Ga shi ranar wani malami ya zo daga Makurɗi zai zaɓi masu buga wa lardi, Yaya kuwa ya ƙwallafa rai a kan tafiyar nan, har ya wanke rigar da zai shiga jirgin ƙasa da ita.

Sana'ar Innarmu turara shinkafa. Ta turara kenan aka shiga ruwa ba ƙaƙƙautawa, har ta fara tsami. Sai ranar wasan rana ta buɗe, kuma duk unguwar babu wuri mai faɗi da tsabta kamar filin nan. Kafin 'yan kallo su taru ta shimfiɗa tabarmi daidai bayan gorar Yaya, ta baza abinta, ta zauna da doguwar tsumagiyar korar kaji.

Hedimasta ya roƙe ta, ta ce shi ma shinkafa yake ci. Alƙalin wasa, wani malami Batibi, ya duba ya ce da Hausarsa, shinkafa shi ba ya cikin fili, shi ba ya da laifi. Ni haƙuri bai taɓa zama halina ba, na je na ce mata ta kwashe, tana ba mu kunya gaban baƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Sai ta kira Yaya.

"Kai ne mai tsaron nan, ko? To, abin nan nasu ya taɓa mini ƙwaya ɗaya, ni da kai ne."

Aka hura usur. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya sauya haka ba. Bugun farko Yaya ya yi sama kamar an harba shi, ya cafke. Na biyu da ƙirji ya tare. Wani ma da goshi, ya tashi yana layi, amma kafin ya shafa wurin sai da ya waiga ya duba tabarmi. Mutanen da suka zo yi masa dariya suka fara tambayar juna ko wani abu aka ba shi ya sha.

Da aka tafi hutun rabi aka ce a sauya gida, na ce shi kenan, mun huta. Ashe ban san Inna ba. Ta ce inuwar mangwaro ta fara cin shanyarta, ban da haka ma ba za ta bar shinkafarta a hannun ɗan wani ba. Ta sa aka kwashe shanyar, a bi Yaya zuwa ɗaya gidan. Haka na ɗauki kwando a ka, da takalmina na makaranta, na ratsa tsakiyar fili ana yi mini tafi. Har yau idan na tuna sai kunyar ta dawo.

Gab da tashi aka ba Doma fenariti. Yaya ya waiga. Inna tsumagiyar kawai ta ɗaga kaɗan. Mai bugun ya narka ƙwallo can gefe, Yaya ya bi ta kamar kura ta biyo shi, ya rungume ta a cikin toka. Aka tashi ba wanda ya ci. Jama'a suka taso za su ɗaga shi, Inna ta tare su da tsumagiya kada su taka mata shanya. Malamin Makurɗi ya ce bai taɓa ganin gola mai zuciya irin wannan ba.

Yaya ya shiga jirginsa. A can fili na gaske ne, har da raga, bayanta kuma ba komai sai ciyawa. Abin da aka zura masa bai taɓa faɗa mana adadinsa ba. Ya dawo ya zauna a tsakar gida. Inna tana sheƙar shinkafa ta ce:

"Da ka yi magana, ɗan nan, ai da na auna maka mudu biyu ka tafi da shi."

Tun daga ranar na daina saurin cewa wane bai iya ba. Sau da yawa iyawar tana nan, abin tsarewar ne ba a ajiye masa a baya ba.